Jigawa Golden Stars: Tarihin Ƙungiyarmu Da Muka Bar Wa Gwamnati Ita Kaɗai

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da waɗanda suka fi son karatu. Yau ƙwallo za mu taɓa, amma ba ta Ingila ko ta Sifaniya ba. Ta gida za mu yi.

Bari in fara da abin da ya jawo wannan hira. Kwanakin baya ina zaune a wani gidan kallo a nan Sara, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, musu ya kaure tsakanin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea kamar za a ba hamata iska. Wani ƙanena da bai wuce shekara 16 ba ya lissafo 'yan wasan Arsenal tun daga gola har 'yan benci, har da wanda ke jinya da ranar da zai dawo. Sai na ce, "To jama'a, tambaya ɗaya. Wa zai faɗa mini sunan ɗan wasa ɗaya tak na Jigawa Golden Stars?" Wuri ya yi tsit. Can wani ya ce, "Yaya, wai har yanzu tana nan?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, domin gaskiya ni kaina da aka juyo da tambayar kaina da na sha kunya.

Shi ya sa na ce bari mu zauna mu bi tarihin nan daki-daki: ina ƙungiyar ta fito, sau nawa ta hau, sau nawa ta faɗo, kuma me ya sa.

Kafin a yi Jigawa

Ba za a fahimci ƙwallon Jigawa ba sai an koma Kano, domin har zuwa 1991 mu Kanawa ne a takarda. Birnin Kudu, Gwaram, Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, duk a ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano muke. Yaron da ya iya taka leda a ƙauyenmu, idan yana son a gan shi, Kano zai nufa.

An fara gasar lig ta ƙasa a Najeriya a 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kambun. Ku riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa. A wancan zamanin ƙungiyoyi da yawa na kamfanoni ne ko na ma'aikatun gwamnati: hukumar ruwa tana da tata, banki yana da tasa, kamfanin siminti yana da tasa. Ɗan wasa ma'aikaci ne a takarda, yana karɓar albashi a ofis, yana zuwa atisaye da yamma.

A 1990 aka mayar da gasar ta ƙwararru, wato ƙwallo ta zama sana'a mai zaman kanta. A wannan shekarar ce aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars, Sai Masu Gida. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin jagororin wannan aiki. Kun ga ke nan sunan Golden Stars ba baƙo ba ne a kunnen tsofaffin 'yan kallo na wannan yanki tun kafin a raba jiha.

Sai ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, hedikwata a Dutse. Da aka raba gida, Kano ta tafi da manyan filayen wasa, da kamfanoni, da 'yan kasuwar da ke iya ɗaukar nauyin ƙungiya, da Pillars ɗin kanta. Jigawa ta tashi da ƙauyuka da gonaki da matasa masu ƙafa, amma Dutse a lokacin ƙaramin gari ne, ma'aikatan gwamnati ma da yawa daga Kano suke zuwa aiki su koma. A irin wannan yanayi, wa zai riƙe ƙungiyar ƙwararru? Gwamnati ce kaɗai ke da aljihun. Haka Jigawa Golden Stars ta zama ƙungiyar jiha, kuma haka take har gobe. Wannan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma ciwon da ke damunta, kamar yadda za mu gani.

Lokacin da ake jin sunanmu a rediyo

Matasan yanzu za su yi mamaki, amma a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 Golden Stars tana cikin ƙungiyoyin babban rukuni na ƙasar nan. Tana karawa da Shooting Stars ta Ibadan, da Rangers ta Inugu, da Julius Berger ta Legas, da Enyimba ta Aba. Ba almara ba ce.

Kuma zamani ne da ƙwallon Arewa ke da kwarjini. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta lashe Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, duk da ba ta ɗauka ba. Wikki Tourists ta Bauchi, maƙwabtanmu na kudu, ta ɗauka a 1998. Plateau United ta ɗauka a 1999, Niger Tornadoes ta Minna a 2000. A ƙasa baki ɗaya kuwa, Super Eagles ta ci Kofin Afirka a 1994, ta je Kofin Duniya karon farko a Amurka a shekarar, sannan aka ciyo zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996.

Wani kawuna, Allah ya ƙara masa lafiya, yakan ba ni labarin yadda suke kewaye rediyo da yammacin ranar wasa suna jiran sakamako. Ya ce idan aka ce Jigawa ta ci, har mai shayi sai ya ƙara wa mutane madara. Ban ga wannan zamanin da idon hankali ba, ina ƙarami, amma yadda fuskarsa ke sakewa idan yana faɗa ya isa shaida cewa an taɓa jin ƙungiyar nan a jiki.

To me ya faru? Abu biyu suka haɗu. Na farko, ƙungiyar ta faɗa rukunin 'yan dagaji, kuma duk wanda ya san ƙwallon Najeriya ya san faɗawa ta fi hawowa sauƙi. Na biyu, a daidai lokacin ne tauraron ɗan'adam ya shigo garuruwanmu. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya koma Chelsea a 2006, gidajen kallo suka bazu har ƙauyukan da ko wutar lantarki babu, sai janareta. Da kuɗi kaɗan za ka zauna a benci ka ga fili kore shar, kyamara ta ko'ina, a maimaita maka ƙwallo sau biyar. Ƙungiyar gida kuma ba a nuna ta a talabijin, ba ka san ranar wasanta ba, ba ka san inda za ta buga ba. Tsararrakina da wannan muka tashi. Ba mu guji Golden Stars ba, ba a taɓa gabatar mana da ita ba ne.

Hawa da gangara

Ga yadda tsarin yake ga wanda bai sani ba. A sama akwai gasar firimiya, NPFL. A ƙarƙashinta akwai NNL, rukuni na biyu, wanda ake raba shi shiyyar Arewa da ta Kudu saboda rage tafiya. A ƙasa kuma akwai NLO, inda ƙananan ƙungiyoyi suke. Duk kaka wasu su hau, wasu su sauko.

Golden Stars ta sake samun hawa a 2011, ta buga gasar firimiya ta kakar 2012, zamanin mulkin Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina ta nan Birnin Kudu. Kaka ɗaya ta yi. A ƙarshenta ta koma ƙasa tare da Niger Tornadoes da Rising Stars da Ocean Boys. Abin da ya fi ciwo, a wannan kakar ce Kano Pillars ta ɗauki kambun, ta kuma sake ɗauka a 2013 da 2014, bayan wanda ta fara ci a 2008. Ku tuna, Pillars ɗin nan ce a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, daga gasar Zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Gida ɗaya muka fito, shekara ɗaya ce tsakanin kafa Pillars da kafa Jigawa, amma dubi inda kowa ya tsaya.

Daga nan sai shekara bakwai a rukuni na biyu. A 2019 aka sake hawowa, tare da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets wadda ta koma Dakkada. Lokacin Alhaji Muhammad Badaru Abubakar ne gwamna, har 'yan jaridar wasanni suna kiran ƙungiyar Badaru Boys. An yi murna, ni ma na yi, har na sa a shafina.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙungiyar da ta saba karɓar baƙi a Haɗeja da Dutse, da ta hau firimiya sai ta koma buga wasanninta na gida a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, domin gasar tana da sharuɗɗan da fili zai cika kafin a amince da shi. Ana cikin haka korona ta shigo, aka dakatar da gasar a watan Maris na 2020, aka rufe kakar ba tare da an saukar da kowa ba. Filin Kanon ma aka mayar da shi wurin killace masu cutar. A kakar da ta biyo baya, 2020 zuwa 2021, gidan Golden Stars ya koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, fiye da kilomita 300 daga Dutse. A ƙarshen kakar, wadda Akwa United ta lashe, Jigawa ta sake faɗawa tare da Adamawa United da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan da kyau. A gasar Najeriya kowa ya san maki a gida ake tara shi, cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai. Ƙungiya tana rayuwa ne da ihun mutanenta. To ƙungiyar da gidanta ke Kaduna, wa zai yi mata ihu? Ko babu dokar korona da ta taƙaita shiga fili, ɗan Sara ko ɗan Gwaram da ke neman na cefane ba zai biya kuɗin mota zuwa Kaduna ya dawo saboda minti 90 ba. Yaran nan kusan kakar gaba ɗaya a matsayin baƙi suka buga ta. Duk wanda ya zage su a kan faɗuwar nan bai yi musu adalci ba.

Ciwon da ke ƙasa

Yanzu mu zo kan dalili, domin tarihi ba lissafin shekaru ba ne kawai.

Ƙungiyar gwamnati ba ta rayuwa da kuɗin tikiti ko cinikin riga ko tallan kamfani. Tana rayuwa ne da abin da aka sa mata a kasafi, da kuma ranar da aka saki kuɗin. Idan mai mulki yana son ƙwallo, a sayo 'yan wasa, a ɗauko koci, a hau. Idan hankalinsa ya koma wani wuri, ko kuɗin wata ya yi ƙasa, sai komai ya tsaya cak. Kuma gaskiya, a jihar da ke fama da ambaliya kusan duk damina, ga makarantu ga asibitoci, ba za ka ga laifin wanda ya ce ƙwallo ba ita ce a gaba ba. Wannan ba matsalar Jigawa kaɗai ba ce, yawancin ƙungiyoyin firimiyar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, kuma kukan bashin albashi da alawus tsohon kuka ne a gasar. Pillars da kanta, da duk tarihinta da magoya bayanta, ta faɗa rukuni na biyu a 2022 tare da Katsina United, sai a 2023 suka dawo.

Laƙabin nan ma na kiran ƙungiya da sunan gwamna, ba zagi nake ba, amma yana nuna yadda muka ɗauki abin. Idan ƙungiya ta gwamna ce, to ranar da ya sauka sai ta nemi sabon uba. Pillars kuwa kirarinta Masu Gida, kuma duk Bakano yana jin da shi ake.

Wani zai ce to a ba 'yan kasuwa mana. Eh, amma tarihi ya nuna wannan ma ba magani ba ne shi kaɗai. Ina Raccah Rovers da na ce ku riƙe sunanta? Ta ci lig a 1978, yau sai a bakin dattawa. Leventis United da Abiola Babes sun girgiza ƙasar nan a shekarun 1980, da masu su suka janye hannu sai suka watse. Ƙungiyar da ke tsaye a kan mutum ɗaya, ko gwamna ne ko attajiri, ranar da ya gaji ta mutu. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, da yunwa zai kwana.

Abin da ya faru a Japan

A nan nake so mu leƙa waje kaɗan, kuma ba Turai za mu je ba, Japan za mu je, domin labarinsu ya fi kama da namu.

Su ma da can ƙungiyoyinsu na kamfanoni ne: Nissan, Mitsubishi, Sumitomo da sauransu. Ba su fara gasar ƙwararru ba sai ranar 15 ga Mayu, 1993, da ƙungiyoyi 10. Ku lura, mun riga su da shekara uku. Mun kuma riga su zuwa Kofin Duniya, mu 1994, su 1998. Amma tun farko suka kafa ƙa'ida: kowace ƙungiya ta ɗauki sunan garinta, ta zauna a garin, ta yi aiki da makarantu da yaran garin. Suka buɗe rukuni na biyu a 1999, na uku a 2014. Yau suna da ƙungiyoyin ƙwararru 60 a rukunai uku.

Ga labari ɗaya. Akwai wata ƙungiya da ake kira Yokohama Flügels. A 1998 ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da ke riƙe da ita ya shiga matsalar kuɗi ya janye, sai aka sanar za a narkar da ita cikin abokiyar hamayyarta ta gari ɗaya, Marinos. Kamar a ce yau an wayi gari an ce ƙungiyarka ta koma cikin wadda ka fi tsana. 'Yan wasan, suna sane cewa ƙungiyarsu ta mutu, suka ci gaba da cin wasa har suka ɗauki Kofin Sarkin Japan ranar 1 ga Janairu, 1999, suka doke Shimizu da ci 2 da 1. Wasansu na ƙarshe ke nan. Magoya bayan suka ƙi bin Marinos. Suka haɗa kuɗi ta hanyar rajistar mambobi, kowa ya biya nasa, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna Yokohama FC. Ta fara daga ƙasa, ta shiga rukuni na biyu a 2001, ta hau na farko a 2007. Tun daga nan tana hawa tana sauka kamar tamu, amma ba a taɓa tambayar ko tana nan ba.

Ga na biyu, wanda ya fi burge ni. A garin Matsumoto, cikin duwatsu, wasu samari suka kafa ƙungiya a 1965. Wurin da suke taruwa wani shagon shan gahawa ne kusa da tashar jirgin ƙasa mai suna Yamaga, sai suka sa wa ƙungiyar sunan shagon. Wato kamar a ce majalisar mai shayi ta kafa kulob. Shekaru da dama suna buga ƙwallon yanki, ba wanda ya san su a wajen lardinsu. Sai a 2012 suka shiga rukuni na biyu, a 2015 suka hau na farko, suka faɗo, suka sake hawa a 2019, suka sake faɗowa, har a 2022 suka tsinci kansu a rukuni na uku. Duk da haka dubban mutanen garin ba su daina cika fili da korayen riguna ba. Daga 1965 zuwa 2015 shekara 50 ke nan. Mu kuwa ƙungiya ta yi kaka biyu ba ta hau ba sai mu ce asara ce.

Na san me wani zai ce: "Malam, Japan fa ka ce, masu kuɗi ne." Gaskiya ne, kuma ba na cewa mu kwafo su. Aljihun ma'aikacin Matsumoto ba ɗaya yake da na manomin riɗi a Gwaram ba. Amma ko a nan gida akwai misali. Remo Stars, daga Ikenne, wani ƙaramin gari a Jihar Ogun, ƙungiya ce mai zaman kanta da Kunle Soname ya kafa. Ta hau firimiya ta faɗo fiye da sau ɗaya, amma ta gina filinta da makarantar horar da yara, kuma a 2025 ta lashe gasar ƙasar nan. Ita ma a kan mutum ɗaya take tsaye, wannan haɗarin yana nan. Sai dai ta nuna cewa fili na kanka da yaran da ka raina da hannunka sun fi sayen 'yan wasan haya duk kaka.

Me ya shafe mu a Sara?

Wani zai ce duk wannan surutu a kan ƙwallo, alhali ga matsalar aikin yi ga tsadar rayuwa. To ai saboda su nake maganar.

Akwai wani yaro da muka tashi unguwa ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba. Wallahi ban taɓa ganin mai ƙafar hagu irin tasa ido da ido ba. Ba takalmi yake bugawa, amma idan ya ɗauki ƙwallo sai dattawan da ke wucewa su tsaya. Ya tara kuɗi daga aikin gona da dako ranar kasuwa, ya tafi gwaji wata ƙungiya a wani gari. Ya yi kwana huɗu yana kwana a tasha. A ƙarshe wani ya ja shi gefe ya faɗa masa adadin da zai kawo idan yana son a rubuta sunansa. Ya dawo gida. Yau acaɓa yake yi, kuma sana'a ce, ba abin kunya ba ce, Allah ya sa albarka. Amma duk ranar da na gan shi sai in tuna cewa babu wata tsani tsakanin filin makarantar firamarenmu da ƙungiyar jiharmu. Da akwai gasar ƙananan hukumomi mai ɗorewa, wadda masu neman 'yan wasa ke zuwa kallo duk shekara, da ba sai ya je ya kwana a tasha ba.

Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27. Babu wadda ba ta da ƙungiyoyin unguwa, masu haɗa kuɗin ƙwallo da na riga daga aljihunsu, masu shirya gasar cin kofi a lokacin hutu ko bayan girbi. A nan kudu kaɗai, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Buji, yaran da ke fita fili kowace yamma ba su ƙirguwa. Son ƙwallo ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne hanyar da za ta ɗauki yaro daga nan ta kai shi Dutse, da kuma dalilin da zai sa ɗan nan ya ji ƙungiyar Dutse tasa ce.

Kuma filayen ma suna tafiya. Ku duba garuruwanku, filin da kuka yi wasa kuna yara, yana nan? Ko an yanka shi fuloti, ko an kafa shaguna? Yaron da ba shi da inda zai gudu da yamma, kun san inda zai je ya zauna, kun kuma san abin da ake sha a wurin.

Abin da nake roƙo

Ba zan rufe da dogon jawabi ba, abu huɗu ne.

Na ɗaya, mu tattara tarihin nan tun masu shi suna raye. Tsofaffin 'yan wasan Golden Stars suna nan a Dutse da Haɗeja da Kano da sauran wurare, wasu suna koyar da yara, wasu suna kasuwa. Duk wanda ke da tsohon hoto, ko tikiti, ko ya san wani da ya taɓa sa rigar, ya ajiye mana saƙo. Ina so mu yi shiri na musamman da muryoyinsu.

Na biyu, mu riƙa tambaya, cikin ladabi amma ba tsoro. Kuɗin jama'a ne ke tafiyar da ƙungiyar nan. Nawa aka ware wa wasanni a kasafin bana, nawa aka saki? Idan aka sake hawa firimiya, a wane fili za a buga? Ɗan majalisarka na jiha ya kamata ya iya amsa wannan, kuma lokacin tambayar shi ne yanzu, ba ranar da aka hau ba.

Na uku, masu ruwa da tsaki su duba yiwuwar buɗe ƙofa ga jama'a. A yi rajistar magoya baya, da kati, da ɗan kuɗin shekara daidai ƙarfin talaka, da kujera a teburin shawara. 'Yan kasuwar hatsi da na riɗi da na dabbobi su sa sunansu a riga. Gwamnati ta riƙe nata kason, amma kada ta zama ita kaɗai. Da haka ko mulki ya canja, ƙungiya ba za ta zama marainiya ba.

Na huɗu kuma namu ne, mu 'yan gidan kallo. Ban ce kowa ya bar Arsenal ko Madrid ba, ni ma ina da tawa, kuma ba zan faɗa ba don kada a fara. Amma a kakar nan, ko sau ɗaya, mu haɗa kuɗin mota mu je mu kalli Golden Stars a gida. Idan an yi wasan unguwa a filin makaranta, mu je mu tsaya. Ƙanena da ya haddace 'yan bencin Arsenal na riga na yi masa alkawari, ni zan biya masa kuɗin mota, da sharaɗin kafin mu dawo Sara ya haddace sunan mutum uku.

Ku faɗa mana ra'ayinku a ƙasa. Wa ya taɓa kallon Golden Stars ido da ido, a wane gari, a wace shekara? Kuma ku tura wa abokanku na Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, mu ji nasu labarin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.